Mma Kulu Ta Ɗaga Hannu

Shafi na 23

Salama gare ku mutanen gida. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce za ta biyo ni gida da bulala. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki, kwana uku tana hannun mai gyara. Yau ta dawo.

Ga wanda yau ya fara shigowa: Faridatu ɗalibar aji uku ce a jami'a, tana karantar haɗa magunguna. Tana cikin jakadun ɗalibai, waɗanda jami'a ke aikawa makarantu su ba yara labarin zaman jami'a. Yau unguwarsu aka turo su, Zongo, a garin Kumasi. Wata biyar ke nan mahaifiyarta, Mma Kulu, tana rufe rumfar abincinta ta tashar Sofoline duk Talata da Alhamis, ta ce asibiti za ta, kuma ta hana kowa ya raka ta.

*

“Hannunki rawa yake yi,” in ji Mutaru, abokin aikinta.

“Ba rawa yake yi ba.”

“To takardar ce take rawa da kanta?”

Faridatu ta harare shi, ta cusa takardar cikin aljihun abayarta. Suna tsaye a bayan rumfar taro, a filin makarantar Islamiyya, kowannensu sanye da shuɗiyar rigar jakadu. Makarantu goma sha huɗu suka zagaya tun bara, daga unguwar Atonsu har bayan gari, ba ta taɓa jin tsoro irin na yau ba.

Ta leƙa ta gefen tamfol.

Kujerun roba sun cika, har wasu sun hau katanga. 'Yan makaranta a gaba, mata a dama, maza a hagu. Ga babanta can, Alhaji Basiru, daga kara, kasuwar shanu, ya wuto kai tsaye, sandarsa ta kora shanu tana jingine a gwiwarsa. Ga Mma a layi na uku, ta ci leshinta mai ruwan zuma wanda sai da salla take fito da shi.

“Mutaru, ka ga yadda ta rame?”

“Ni dai kyau na ga ta yi.”

“Jiya na ɗauki jakarta zan duba katin asibitin, ta fizge kamar zan sace mata zinari.”

“Ki bar wannan sai an tashi.” Ya rage murya. “Abu ɗaya nake roƙonki. Maganar nan da kike rufe jawabi da ita, kar ki yi ta yau.”

“Na sani.”

“A can da Turanci kike yi. Nan Hausa ce, kuma tana zaune.”

“Na ce na sani!”

Lasifika ta yi ƙara. Baba Seini, mai gabatar da taro, ya buga makirfo da yatsa. Tsoho ne Badagombe, shekararsa hamsin a Zongo amma har yau mace da namiji duk ɗaya ne a Hausarsa.

“Jama'a a yi shiru! Yaranmu biyu sun zo daga babban makaranta. Mutaru zai fara, in ya gama Faridatu shi ma zai yi nasa. Takbir!”

“Allahu Akbar!”

Mutaru ya fita yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

“Ranar da na fara shiga jami'a,” ya ce, “na yi awa biyu ina neman ajinmu. Na samu wani babban ɗaki, na zauna a gaba, na rubuta shafi huɗu cur. Sai da aka tashi na tambayi na kusa da ni, ya ce min ai nan ajin likitocin dabbobi ne. Ni kuwa gine-gine na je karanta!”

Filin ya ɗauki dariya.

“Har yau in akuyarku ta yi zawo ku kira ni, ina da shafi huɗu!”

Har maza dattawa sai da suka dara. Ya ba su labarin lakcar ƙarfe shida na safe, yadda mutum ɗari biyar ke tseren kujera, yadda yake sallar asuba da takalmi a hannu don kar a riga shi. Da ya sauka, yaran gaba sun miƙe suna tafi.

Faridatu ta karɓi makirfo. Ta yi sallama can ƙasa-ƙasa.

“Ɗiyar Mma Kulu! Ki saki jiki, gida kike!” wata ta ƙwala daga ɓangaren mata.

Sai ta yi dariya, tsoron ya tafi.

“Ranar da aka ba ni ɗaki,” ta ce, “na tarar da abokiyar zamana ta riga ni. Pokuaa sunanta, 'yar Atonsu. Ta liƙa gicciye a saman gadonta, tana waƙar coci da ƙarfi. Na ajiye akwatina na ce, shi ke nan, na shiga uku. Ita ma daga baya ta faɗa min, da ta ga hijabina cewa ta yi a ranta, Ei, an haɗa ni da malama!”

Dariya.

“Da azumi ya zo, kun san wa yake tashina sahur? Pokuaa. Ta sa ƙararrawa a wayarta. In na ƙi tashi ta janye bargon, ta ce, ‘Fari, tashi ki ci, ba zan ɗauki gawa ba.’ Yanzu in ta zo gidanmu sai ta cinye tuwon zafi kwano biyu. Mma, ƙarya na yi?”

Mma Kulu ta girgiza kai tana murmushi. Mata suka yi shewa.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu. Aka miƙa mata makirfo.

“Sunana Hikma, ina ajin ƙarshe a sakandare. Anti, an ce a ɗakin gwaje-gwaje sai an cire hijabi. Gaskiya ne?”

“Wa ya faɗa miki?”

“Yayana.”

“Yayanki ya taɓa shiga?”

“A'a. Tela ne.”

Filin ya sake fashewa.

“Hikma, shekarata uku ina shiga da hijabina. Cusa shi nake yi cikin farar riga don kar ya taɓa wuta, shi ke nan. Akwai masallaci, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ranar Juma'a sai kin yi sammako kafin ki samu wuri. Ki zo. Ni da kaina zan tare ki a bakin ƙofa.”

Tambayoyi suka yi ta zuwa. Ana dukan sababbin ɗalibai? Abinci fa? In mutum ya faɗi jarrabawa korarsa ake yi? Tana amsawa ana tafi, tana amsawa ana kabbara. Jikinta ya yi zafi, bakinta ya saki, ta manta da takardar aljihu, ta manta da Mutaru.

“Ƙannena, kar wanda ya ce muku gidanku bai kai ba. Ku dube ni. Ni da kuke gani, uwata ko sunanta ba ta iya karantawa ba, amma ga ni a…”

Ta tsaya.

Maganar ta riga ta fita.

Wasu sun fara tafi, suka ga ba a taya su ba, suka bari. Mutaru ya dafe goshi. Mata suka juya gaba ɗaya suna kallon layi na uku.

Mma Kulu ta ɗaga hannu.

Ba ta ɗaga shi kamar mai jin kunya ba. Sama ta miƙa shi sosai, kamar 'yar aji.

Baba Seini ya rasa yadda zai yi. “Eh… Kulu, kai ma kana da tambaya?”

“Ina da ita.”

“Mma,” Faridatu ta ce a hankali, ta manta makirfo na bakinta, “don Allah ki bari sai mun je gida.”

“Ba jakadiya ba ce ke? An ce duk mai tambaya ya yi.”

Ta taso. Ta ratsa tsakanin kujeru, jakarta a hammata, ta zo har gaba ta karɓi makirfo daga hannun Hikma.

“Jakadiya, tambayata ita ce, lakcar nan ta ƙarfe shida da yaron nan ya faɗa. In mutum daga Zongo zai taso, ƙarfe nawa ya kamata ya shiga torotoro, motar hayar nan?”

Faridatu ta dube ta. “Mma… wa zai je?”

“Ki amsa min dai.”

“Biyar… biyar da kwata.”

“Yoo. Ta biyu. Ɗaliba mai shekara arba'in da shida, ita ma sai ta yi tseren kujera, ko ana tausaya mata?”

Aka fara ƙus-ƙus. Mma Kulu ta buɗe jakar nan da ta hana kowa taɓawa. Ta ciro tabarau, wanda Faridatu ba ta taɓa gani ba, ta ɗora a hanci. Ta ciro farar takarda, ta warware ta.

Faridatu ta hango tambarin da ke samanta. Irin wanda ke ƙirjin rigarta ne.

Mma Kulu ta gyara murya, ta fara karantawa.

Da Turanci.

Ba irin Turancin kasuwa da take yi da masu sayen waakye, shinkafa da wakenta, ba. Turanci tsaf, kalma bayan kalma, tana tsayawa inda ake tsayawa. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta karanta sunanta, Kulu Ibrahima. Ta karanta har sa hannun da ke ƙasa.

Tsofaffi ba su gane ba. 'Yan makaranta sun gane, bakinsu a buɗe.

Mutaru ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya yi tsalle ya fizge makirfon Baba Seini.

“Jama'a! Jama'a kun ji? Jami'armu ta ɗauki Mma Kulu! Ta ci jarrabawar manya! Za ta karanta kimiyyar abinci! Takbir!”

“ALLAHU AKBAR!”

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku abin da ya biyo baya ba. Guɗa ta tashi ta ko'ina. Kujeru suka zube. Matan da ke sayar da koko kusa da rumfarta suka yo kanta a guje, wata ta cire mayafinta tana yi mata fifita, wata ta rungume ta tana kuka tana cewa, “Kulu, ashe haka kike? Kulu, munafuka!” Yaran kan katanga suna buga gwangwani. Hikma tana tsalle tana ihu kamar ita aka ɗauka.

“Shekara ashirin ina dafa wake,” Mma Kulu ta ce cikin makirfo tana dariya, “yanzu zan je in ji abin da ke cikinsa!”

Aka sake ɓarkewa.

Faridatu kaɗai ce ba ta motsa ba.

Sai da Baba Seini ya yi ta roƙo kafin mata suka koma. Uwa da 'ya suka rage a gaba, suna kallon juna.

“Mma, asibitin fa?”

“Sau ɗaya na je. Tabarau suka ba ni.”

“Talata da Alhamis…”

“Aji nake zuwa. Ajin share fagen jarrabawa.”

“Wata biyar, Mma! Wata biyar ba na barci! Na ɗauka wani mugun ciwo kike ɓoye min. Har littattafanmu na riƙa buɗewa ina neman cutar da ke sa mutum ya rame ya riƙa ɓoye jaka!”

“Lissafi ne ya ramar da ni. Ki yafe min wannan. Na ji tsoron in faɗa, in zo in faɗi.”

“Amma… ke fa kike ba ni takardu in karanta miki. Tun ina aji biyu na firamare. Takardar makaranta, takardar magani, komai.”

“Don bakinki ya saba. In kika yi kuskure ba na cewa ki sake?”

Faridatu ta tuna. Gaskiya ne. “Sake karanta wurin nan, ban ji ba.” Haka Mma take cewa. Kuma kullum a daidai inda ta yi kuskure ne.

Faridatu ta matso kusa. Ta durƙusa a gaban jama'a, ta kama gefen zanen uwarta.

“Mma ki yafe min. Makarantu goma sha huɗu na faɗi maganar nan.”

“Na sani. Na gani a bidiyo.”

“Kin gani?”

“Bara. Wani ɗalibi ya zo cin abinci, ya ce, ‘Mma, ga ɗiyarki a waya.’ Ya kunna min, yana fassara min da Hausa, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ban ji ba. Da ya tafi na zauna a bayan tukunya na yi kukana. Ba haushinki na ji ba. Abin da na nuna miki kika faɗa. Haushin kaina na ji.”

“Me ya sa kika ɓoye mana?”

Mma Kulu ta cire tabarau. Ta juya ta fuskanci 'yan matan layin gaba.

“Ku ma ku ji, don ku aka yi taron. A Bawku na girma, can arewa. Na gama sakandare, ni ce ta ɗaya a ajinmu, maza da mata. Na cika takardar neman jami'a, wannan jami'ar dai. Ba mu da akwatin gidan waya, sai na sa na kawuna da ke nan Kumasi, wajen Manhyia. Ya ce in amsa ta zo zai ba masu motar shanu su kawo min.”

Ta ci gaba.

“Duk motar da ta dawo daga Kumasi, ina bakin tasha. Wata bakwai. Waɗanda na fi su maki suka samu, suka tafi. Ni shiru. Na ce ashe ban kai ba. Na tattara littattafaina na ba mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Na yi aure, na zo garin nan, ban sake faɗa wa kowa na taɓa shiga aji ba. In mutum bai sani ba, ba zai tambaye ka me ya faru ba.”

Ta ɗago Faridatu ta tsayar da ita.

“Share hawayenki. Yanzu ke ce babba a makaranta, ni ce ƙarama. Za ki nuna min ɗakin karatu.”

“Har masallaci zan nuna miki,” Faridatu ta ce, tana kuka tana dariya. “Pokuaa za ta haukace!”

“Ki ce mata ta sa min ƙararrawa ni ma.”

Baba Seini ya share ido da hularsa. “Kai, yau Zongo ya ga abu. Ina maigidan? Alhaji Basiru, zo ka yi magana, matarka ya fitar da mu kunya!”

Kowa ya juya ɓangaren maza.

Kujerar babu kowa. Sandar ce kawai a ƙasa.

“Ya fita,” wani dattijo ya ce. “Tun tana cikin karatun ya tashi. Ya hau babur ɗinsa.”

Murmushin Mma Kulu ya ɗauke.

“Mma, Baba bai sani ba?”

“Ya san na yi makaranta. Ajin nan ne bai sani ba. Shi ma asibiti na ce masa.”

“Innalillahi.”

Ƙus-ƙus ya dawo, wani iri dabam. Faridatu ta ji wata tana cewa, “Ai dole ya ji haushi, a gaban mutane zai ji?” Mutaru ya matso ya ce a hankali ko a rufe taro da addu'a. Baba Seini ya ɗaga hannu zai fara.

Sai ga ƙarar babur.

Har cikin filin ya shigo, abin da ba a yi. Ya tsaya a bakin rumfa, bai ma kafe babur ɗin da kyau ba, ya faɗi a bayansa, bai waiwaya ba. Gumi ya jiƙa masa riga. Babu hula a kansa. Faridatu ba ta taɓa ganin mahaifinta a waje babu hula ba.

Jama'a suka dare masa hanya.

Ya zo ya tsaya a gaban matarsa. Hannunsa na dama yana cikin aljihu.

“Alhaji,” Mma Kulu ta ce, “na yi laifi da ban faɗa maka ba. Mu je gida in…”

“A'a. A nan kika yi naki, a nan zan yi nawa.”

Muryarsa tana rawa. Mutumin da in ya tsawata wa bijimi sai bijimin ya tsaya cak.

“Baba, don Allah,” in ji Faridatu.

Bai dube ta ba. Ya zaro hannunsa. Ambulan ce, tsohuwa, ta yi ja, gefenta ya cinye. Ba a taɓa buɗe ta ba. A kusurwarta akwai tambarin jami'a, ya koɗe amma ana gane shi.

“Kin tuna wanda yake bin motar shanu daga Bawku zuwa Kumasi a waccan shekarar?”

“Kai ne,” ta ce. “Kai nake tambaya duk sati.”

“Ni kawunki ya ba.”

Mma Kulu ta kalli ambulan ɗin. Ta kalle shi.

“Ya ba ka me?”

“Shekara ashirin da shida tana ƙasan akwatina, Kulu. Na san in kika tafi jami'a, ba za ki dawo ki auri mai bin shanu ba.”

Makirfon ya suɓuce daga hannunta, ya bugi ƙasa, lasifika ta yi wata irin ƙara.

Ya miƙa mata ambulan ɗin da hannu biyu.

Ba ta karɓa ba.

“Faridatu,” ta ce, idonta a kan mijinta. “Karɓi. Buɗe ki karanta min. Da ƙarfi.”